Gwadabanci a Bangon Rumbu

Shekarar da sojojin da aka kai yaƙin Bama suka fara dawowa gida, mutanen Gazara sun sha kallo. Wani ya dawo da keken ɗinki, wani da takalman da ko jaki aka sa wa sai ya yi ɗingishi, wani kuwa da ƙarya buhu-buhu, wai shi kaɗai ya tare wani daji. Gwadabe shi da rabin baki ya dawo.

Harsashi ne ya shiga ta kuncinsa na hagu, ya kwashe haƙora, ya guntule kan harshe, ya tafi da wani yanki na leɓen ƙasa. Likitocin Turawa suka ɗinke abin da ya ɗinku, suka sallamo shi. Kunnensa garau, hankalinsa garau, ƙarfinsa na nan. Amma in ya buɗe baki zai yi Hausa, leɓe ba ya haɗuwa da leɓe, harshe ba ya kai wa dasashi, sai magana ta fito a dame, ba ka gane kanta balle gindinta. Mutane kuwa ka san hali. Sai su riƙa ƙarasa masa zance da abin da ransu yake so, wasu har suna ɗaga murya suna yi masa ihu a kunne. Ya gwada nuni da hannu. Ran kasuwar Kudan yana nuna wa mai gishiri abin da yake so, sai mai gishirin ya ce da maƙwabcinsa, "Miƙo wa beben nan mudu." Tun daga ranar Gwadabe ya sa hannuwansa cikin riga, ya kulle bakinsa, ko tari sai ya zagaya bayan gida yake yi.

Matarsa Zinariya ita abin ya fi ci. Ita fa Zinariya Allah ya yi ta da baki. In ta tsaya a bakin rijiya ta fara, guga ma sai ya jira ta gama. Kafin yaƙi, a duk Gazara mutum ɗaya ne in ya ce mata "ya isa" take yin shiru, shi ne wannan mijin nata. Yanzu sai ta wuni tana zuba a tsakar gida, ba mai tanka mata, ba mai tsawata mata. Wallahi shirun nan ya fi yi mata zafi a kan tabon da ke fuskarsa.

Gidan yana da fadamar rake, da injin matse rake wanda doki ke ja, ana dafa mazarƙwaila a kai Makarfi. Da Gwadabe ya tafi, ƙanensa Sambo ne ya riƙe komai, kuma tsakani da Allah ya riƙe da kyau. Sai dai da yayan ya dawo, Sambo bai saki ba. A sare rake ba a gaya wa Gwadabe ba, a canja doki ba a gaya masa ba. Babban ɗa ya koma baƙo a gidan ubansa, yana zaune a gindin mangwaro yana kallon doki na zagaye.

Wata rana da hantsi Zinariya ta kai wa masu aiki kunu. Dokin ya tsaya, ya kafe, mai korarsa ya yi ta fama ya ƙi motsi. Sai ta ji wata murya daga gindin mangwaro ta ce, "Hak!" Doki ya zabura ya ci gaba. Ƙwaryar kunu saura kaɗan ta suɓuce mata. Muryar Gwadabe ce, tas, ba a dame ba, ba gargada, irin wadda ta sani tun tana amarya.

Ta koma gida tana magana ita kaɗai a hanya. Ashe bakin bai mutu ba! Hausa ce ta daina shigarsa, kamar rigar da ta yi wa mutum kaɗan. To wa ya ce sai da Hausa? In wannan ba ta shiga, ai sai a ɗinka wata daidai jikinsa.

Bayan azahar ta shimfiɗa masa tabarma a bayan rumbu, inda ba mai ganinsu, ta durƙusa ta ce, "Maigida, abin da ka ce wa doki ɗazu, sake faɗa mini." Ya kawar da kai. Ta ce, "Ni fa ba inda za ni. Ko ka faɗa, ko in zauna nan in ba ka labarin rigimar gidan su Lantana tun daga farko." Lantana matar Sambo ce, kuma Gwadabe ya san tsawon wannan labari. Ba shiri ya ce, "Hak."

Da haka aka fara. Ta riƙa sa shi yana fitar da duk sautin da bakinsa zai iya, tana tsince su yadda take tsince irin gyaɗa. Wanda ya fito tas sau da yawa a jere, ta ajiye. Wanda ya fito yau gobe ya ƙi, ta yar. Duk abin da ke bukatar leɓe, irin farkon "baba" da "mama", ta yafe shi. Na kan harshe ma haka, su "ra" da "ta" da "la" duk ta sallame su. Abin da ya rage na maƙogwaro ne da na gindin harshe: ka, ga, ha, ya, kowanne yana iya juyawa ya zama ko, ke, go, ge, he. Sai wasu guda biyu da Bahaushe ba ya magana da su, waɗanda raunin ne da kansa ya ba shi. Ɗaya fito ne siriri da ke fita ta gurbin leɓen, ɗaya kuwa wani ƙwas ne da yake yi a gefen kunci. Da farko kunyarsu yake ji. Ta ce, "Kunyar me? Duk garin nan wa ya iya su in ba kai ba? Mu kuwa da su za mu yi ado."

Ta kafa dokokinta, don Zinariya ba ta aiki ba doka. Kalma kada ta wuce gaɓa biyu, saboda in ta yi tsawo yawu kan kufce masa, shi kuwa ya tsani a ga yana share haɓa. Kowace kalma ana iya ɗaga ta ko a kwantar da ita, ta ba da ma'ana dabam, don haka ɗan abin da ke hannunsu ya ninku. Fito a ƙarshe yana nufin a'a. Ƙwas a farko yana nufin abin ya riga ya wuce. Babbar dokar kuwa ita ce kada wata kalma ta yi kama da Hausa ko kaɗan. Ta ce in ta yi kama, mutane za su ce Hausa yake so ya yi ya kasa, su yi masa dariya. In kuwa ba ta yi kama ba, su ne ba su iya ba, kunyar tasu ce.

Ruwa ya zama goha. Rake ya zama kehe. Ita kanta ya sa mata Heya, ta karɓa tana wani yauƙi kamar an ba ta sabon zane.

Sai rigima ta taso, don kalmomi sun fara yawa. Ta ce wannan kalmar gishiri muka ce, ya girgiza kai, ya je madafi ya ɗauko barkono ya dangwara mata a gaba. Ta ce wallahi gishiri ne. Ya nuna sama, wato shi ma ya rantse. Ta ga in ba a ajiye abin nan a wani wuri ba, kullum sai an yi shari'a a gidan. Ta ɗan san baƙaƙen ajami daga makarantar allo, amma ta ce ba za ta ɗora baƙaƙen da ake rubuta Alƙur'ani da su a bangon da awaki ke soshe-soshe ba. Ban da haka ma, wane baƙi ne na fito, wane ne na ƙwas? Sai ta yi nata. Ta duba tsakar gida ta ɗauko siffar abin da ta gani: ka ta zama gammo, ga ta zama ludayi, ha ta zama ƙofar ɗaki a buɗe, ya ta zama lauje. Fito ta ja masa doguwar sanda kamar karan rake, ƙwas kuwa sawun kaza. In kalma a ɗage take sai ta ɗiga mata ɗigo a ka, in a kwance take ɗigon ya koma ƙasa. A gefen kowace kalma ta zana abin da ake nufi, ko wata alama da su biyu suka sani.

Da farar ƙasa ta fara zanawa a bangon rumbu. Ruwan farko na damina ya zo da iska, ya wanke aikin rani guda kaf. Ranar Zinariya ta yi kuka har da majina, ta zagi gajimare, ta zagi wanda ya yi jinkar rumbun. Da gari ya waye sai ta tarar Gwadabe ya kwaɓa ƙasa, yana yaɓe bangon sabo. Ya miƙa mata ƙusa. Tun yaɓen yana ɗanye suka zauna, yana faɗa tana karcewa, abin da ta manta ya tuna mata. Wannan karon ko ruwan ƙanƙara aka yi sai dai ya gaji ya bari.

Kalma ɗaya ce ta ƙi yi masa. Ya daɗe yana nuna bakinta yana haɗe yatsu, wato a yi kalmar "ki yi shiru". Ta ce sam, kalmomin sun ƙare, ba sauran wuri a bango. Sai ya ƙera abarsa da kansa: ƙwas biyu a jere, da fito a kai. Ya karɓi ƙusar ya zana sawun kaza biyu da karan rake. Ita kuwa ta sa ya zana ta can ƙasa, kusa da inda kaji ke tono.

Damina biyu suka wuce, bango ya cika har ya zagayo. A cikin gida Gwadabe ya dawo mutum. Yana ba ta labarin dajin Bama, da ruwan da ba ya ɗaukewa, da abokinsa mutumin Ikara da bai dawo ba. Amma a waje ba abin da ya canja. Mutane suka raɗa wa abin suna Gwadabanci, suna faɗa suna ƙyaƙyatawa. In Zinariya ta je wurin inji ta ce, "Maigida ya ce a dakata da sarar raken gabas," sai Sambo ya yi murmushi ya ce, "Yaya ne ya ce, ko ke kika ce?" Ran nan abin ya kai mata wuya. Ta tsaya a bakin rijiya, gaban mata, gaban Lantana, ta ce Sambo ya so a ce gawar yayansa aka bari a Bama, don ya ci fadama shi kaɗai. Magana ce mai muni, kuma ta san mai muni ce tun kafin ta gama fita.

Sambo ya kai ƙara wurin mai unguwa Tanko. Ya ce yayansa ba ya magana, ba a san abin da ke ransa ba, mace ce ke sa masa zance a baki tana juya gidan ubansu, ga wasu zane-zane a bango da ba a san ko na tsafi ne ba. A tabbatar masa da riƙon gida kowa ya huta. Zinariya da ta ji, ta gane inda aka dosa. Fadama da doki duk ƙanana ne a wurinta. In dattawa suka yarda da Sambo, an rufe bakin Gwadabe ke nan a karo na biyu, kuma wannan karon ba wanda zai buɗe.

Da yake bango ba ya ɗaukuwa, dattawan ne suka zo gidan da safe: mai unguwa Tanko, da liman Malam Zainulabidin, da waɗansu tsofaffi. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gajiya da iyali da damina, aka zauna a bayan rumbu. Zinariya ta ja mayafi ta durƙusa a gefe. Liman ya tashi ya zagaya bangon a hankali, hannu a baya.

Ya ce, "Zinariya, wannan ludayin fa?"

Ta ce, "Allah gafarta malam, ga ke nan. In an rufe bakinsa, go. Na kusa da shi ƙofa ce, ha. Ɗigon yana ƙasa, sai a kwantar da murya."

Liman ya gyara tsayuwa, ya dubi Gwadabe, ya ce, "Goha." Gwadabe ya tashi ya shiga ciki, ya fito da moɗar ruwa, ya durƙusa ya miƙa masa. Tsofaffi suka yi kabbara. Liman ya sha, ya karanta wata kalma, ya karanta wata, har da fito, gemu na rawa. Da ya zo kan wata ya ɗaga murya inda ya kamata ya kwantar, Gwadabe ya girgiza kai ya faɗa masa daidai, liman ya maimaita kamar ɗalibi. Ya juyo ya ce, "Ni dai ban ga tsafi ba. Karatu na gani, kuma ga shi har an yi mini gyara."

Zinariya ta ji kanta ya yi girma, mayafin ma kamar ba zai rufe shi ba. Amma Sambo bai gama ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dokinmu ma ya san a ce masa tafi, ya san a ce masa tsaya. Sanin sunan ruwa ba shi ne riƙon gida ba. In Yaya ya yi doguwar magana, wa zai gaya mana abin da ya ce? Ita ce dai. To mun dawo inda muka fara."

Gaskiya ya faɗa, kowa ya san haka. Zinariya ta yunƙura, ta cika baki da abin da za ta zazzaga masa, sai ta ji ƙwas, ƙwas, da siririn fito. Ta daskare. Liman, da yake idonsa na kan bango, ya ce, "Me ya ce?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya ce in yi shiru."

Wani tsoho ya tuntsure da dariya har hularsa ta faɗi. Gwadabe kuwa bai yi dariya ba. Ya fitar da hannuwansa daga riga ya ɗora a gwiwa, ya dubi mai unguwa, ya fara magana. A hankali yake yi, gaɓa biyu biyu, yana ɗagawa yana kwantarwa, ƙwas na shiga fito na fita. Tun da ya dawo ba a taɓa jin muryarsa ta yi tsawo haka a gaban maza ba. Da ya kai aya ya tsaya, ya dubi matarsa.

Ita kaɗai ce a duniya ta san abin da ya ce, kuma ba abin da ta zo ji ba ne. Da za ta ce ya ce a karɓe doki da fadama daga hannun Sambo yau yau, wa zai ƙaryata ta? Shi kansa sai dai ya girgiza kai, su ce ga shi nan, ko su biyun ba sa fahimtar juna. Zuciyarta ta ce mata faɗi naki. Ta dubi bangon nan da suka karce da ƙusa, ta dubi bakin mijinta. Haba, ai ba don ta yi magana ta gina masa harshe ba, ita da take da nata har ya yi mata yawa.

Ta ce, "Ya ce, lokacin da yake wurin yaƙi Sambo ne ya ciyar da gidan nan, bai bar ni da yunwa ko kwana ɗaya ba. Ya ce Sambo ya fi shi iya dahuwar mazarƙwaila, doki da inji su zauna a hannunsa. Abin da ba zai bari ba shi ne a sare kara ɗaya a fadamar ubansu ba a zo an tambaye shi ba, don yana da rai, kuma shi ne babba."

Gwadabe ya ƙara wasu kalmomi, gajeru, yana kallonta ido cikin ido.

Ta ce, "Ya ce maganar da na yi a bakin rijiya ƙarya ce, kuma na kunyata shi. Ya ce in ba Sambo haƙuri a gabanku, in je in ba Lantana a gaban matan da suka ji." Ta juya inda ƙanen mijinta yake, ta ce, "Sambo, ka yi haƙuri. Na yi maka ƙazafi."

Mai unguwa Tanko ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Jama'a, na san yarinyar nan tun tana tallan gyaɗa. Wanda duk ya ce Zinariya ce ta ƙirƙiro wannan magana ta sa a bakin mijinta, bai san Zinariya ba. Gwadabe ne ya yi magana, kuma mun ji."

Sambo ya taso daga inda yake. Ya rarrafo ya durƙusa gaban yayansa, ya kama hannunsa da hannu biyu. Sannan ya ce, "Yaya, raken gabas ya nuna. A sare?" Gwadabe ya ce, "Kehe," ya bi shi da fito. Sambo ya waiga wajen Zinariya, sai liman ya riga ta, ya ce, "Rake, a'a. Ko ni na ji wannan."

Dattawa na fita Zinariya ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, ko mayafin ba ta gyara ba. Mata sun cika, labari ya riga ta isa, kowa na jiran ya ga yadda za ta shigo da kunya. Ina! Tafe take tana taku ɗai-ɗai, kai a sama. Ta tsaya gaban Lantana ta ba ta haƙuri da babbar murya, yadda na bayan layi ma za su ji. Lantana ta ce ta yafe, sannan ta kasa daurewa ta ce, "To ke da aka yi wa faɗa a gaban dattawa, murnar me kike yi?"

Zinariya ta dire tulu, idonta ya kawo ruwa, tana dariya. Ta ce, "Ke ba ki ji ba? Maigidana ne ya tsawata mini. Da bakinsa."